Kunnen Kansila a Bayan Mota

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da zanen hannuna ya kai ni zauren kansila ba. A shekarun saba'in ne, bayan zaɓen kansiloli na farko. Lokacin ina zanen manyan motoci a Gumel, zaki da dawisu da sauran abin da direba yake so.

Ƙauyenmu yana wajen Ɗanzomo, kuma rijiyarmu ta ƙafe tun shekarun fari. Matanmu sai sun yi tafiyar rabin yini kafin su samo tulu ɗaya. Kansilanmu ya yi alkawarin haƙa sabuwa kafin a zaɓe shi. Sau uku dattawa suna zuwa tuna masa, sau uku yana cewa ana dubawa. Ranar da matata ta faɗi a hanya da tulu, ga tsohon ciki, raina ya ɓaci matuƙa. Ni ba mai iya magana ba ne, sai na ɗauki burushi.

Akwai motar wani abokina da ke jigilar kasuwar Maigatari. Da yardarsa na zana mutum a bayanta: ƙaton tumbi, wushirya, hula a karkace, yana riƙe da guga babu igiya. Kunnensa kuwa na yi shi ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Ban rubuta suna ba, amma ranar Alhamis kasuwa ta ɗauka. Har mutanen Damagaram da ba su san shi ba sun yi ta dariya.

Bayan kwana biyu kansila ya aiko in zo, da ni da motar. Na tarar da shi a zaure yana huci.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka goge shi yanzu, ko ka kwana a hannun 'yan sanda."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka haƙa rijiya zan goge." Har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba.

Ashe mahaifiyarsa ta ji hayaniya daga cikin gida. Sai ga ta ta fito tana dogara sanda, ta wuce mu ta je bayan motar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, wushiryar ta yi, tumbin ma ya yi. Amma kunnen ka rage shi. Ni na san girmansa, don na sha murɗa shi."

Mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ta tambaye ni dalilin gugan, na gaya mata komai, har da faɗuwar matata. Nan fuskarta ta canja.

"Shekara talatin na yi ina ɗaukar ruwa a kaina kafin ka zama mutum," ta ce wa ɗanta. "Kada wanda ya taɓa zanen nan sai matan can sun sha ruwa."

"Inna, ai ana dubawa..."

"To, kai ma a ci gaba da duba ka."

Kafin damina aka kawo masu haƙa. Da ruwan rijiyar aka yi wa 'yar da matata ta haifa wankan farko, kuma na cika alkawari na shafe zanen da hannuna.

Na zana motoci ba adadi, amma babu aikin da nake alfahari da shi kamar wannan da na goge. Abin da na koya shi ne, babban mutum yana iya jure kukan talaka shekara da shekaru, amma dariyarsa ba ya iya jure ta ko mako guda.