Yaya Sule Ba Ya Faɗin Mutuwa a Tsaye

Bana shekara talatin da tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sule na Gozaki. Manomin auduga ne, amma a danginmu an fi saninsa da kai labarin rasuwa. In aka yi rashi, shi ake turawa wurin 'yan uwa na Danja da Funtua da Malumfashi a kan kekensa.

Yana da ƙa'ida. Ba ya faɗa a tsaye, ba ya faɗa a ƙofar gida. Sai ya zauna ya sha ruwa, ya sa an kira wata dattijuwa daga maƙwabta ta zauna kusa da uwar mamacin. Sannan ya ce jikin wane ya yi tsanani. Ba ya ƙarasawa sai ya ji uwar ta fara salati da kanta. Na taɓa raka shi Funtua, na ƙosa, na ce rana tana yi. Ya ce, "Audu, labarin ba ya ruɓewa. Uwar ce za ta iya karyewa."

Da intanet ta zo, har da ni a masu murna. Don zumunci muka shige ta. 'Ya'yanmu sun watsu Legas da Fatakwal, sai muka buɗe zauren dangi a waya, ana gaisawa, ana turo hoton jariri ranar suna, ana tambayar farashin masara a kasuwar Funtua. Ban san ranar da abin ya koma tseren wa ya riga faɗa ba.

Watan jiya Kabiru, ɗan Yaya Sule na fari, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya. Tun yana kwance a bakin titi, wani ɗan uwanmu, Alhaji mai furfura, ya saka hotonsa a zauren, ko rufe masa fuska ba a yi ba. Uwarsa, Hajiya Rabi, tana tsakar gida ita kaɗai tana tsince shinkafa, maƙwabciya ta miƙo mata waya tana tambaya ko wannan ba Kabiru ba ne. Tun ranar ɓarin jikinta ya shanye.

A wurin zaman makoki na tambayi Alhajin me ya sa. Ya ce don a fara yi wa mamaci addu'a da wuri. Na ce masa addu'a ba ta taɓa neman hoto ba. Ya ce zamani ne. Da yayana yana raye, ba na jin zai ba shi hannu.

Mu sama da ɗari ne a zauren nan. Duk mun gani, duk mun rubuta Allah ya jiƙansa, har da ni. Binta ce kaɗai, autar Yaya Sule da ke aure a Funtua, ba ta rubuta komai ba. Ta bar tukunya a wuta ta hau mota don ta riga labarin isa wurin uwarta. Tana goye mahaifinta ya rasu, ba wanda ya koya mata. Abin da ya rage mana na Yaya Sule ke nan. Ta iso ta tarar ana yayyafa wa Hajiya Rabi ruwa.

Allah ya jiƙansu, ya ba ta lafiya.