Bangon Baba Sikeli

Shekara talatin Baba Sikeli ya yi yana auna masara a sito ɗaya, kuma ba ya kwance bakin buhu da safe sai ya rubuta farashin ranar a bango da fensirin kafinta. Me zai yi da shi? Oho. Shi kansa bai sani ba.

Autarsa ce ta gano amfaninsa. Tana digiri na biyu a kan cinikin gaba, inda ake yanke farashi yau a karɓi kaya bayan wata shida, wani ma ya sayi damar fasawa in abin bai yi masa ba.

"Cinikin biri a sama ke nan," in ji Baba. "Shi ma sai an je jami'a?"

Auta ta kwafe lambobin bangon kaf ta gina bincikenta a kansu. Farfesan da ke duba aikin ya ce atafau, bai taɓa jin bango ya zama hujja ba, ba zai sa hannu ba sai ya gani da idonsa. In bai sa ba, shekara biyunta sun bi ruwa.

Farfesa guda zai zo sitonsa! Murna ta hana Baba zama. Ya gaya wa mai walda, ya gaya wa direbobi, har kurman da ke gadi bai tsira ba. Ya goge sikeli, ya aro kujera mai hannu. Sai ya dubi bangon nan baƙi ƙirin, kunya ta kama shi. Ai yarinya ta riga ta kwafe, bango ya gama aikinsa. Ana gobe zuwan baƙo ya sa aka shafe shi da farar ƙasa, fes.

Auta ta shigo da Farfesa, ta ɗaga kai, ta zube a kan buhu.

"Baba, me ka yi?"

"Gyara na yi, 'yar nan," ya ce yana washe baki. Da ya ga hawayenta sai ya gane ɓarnar da ya yi. Garin neman gira ya rasa ido.

Farfesa ya lakaci bangon da yatsa, sai ya watsa masa ruwan gorarsa. Farar ƙasa ta jiƙe, lambobi suka leƙo ta ƙarƙashinta.

Zo ka ga gudu wajen tsoho. Baba na jido ruwa a bokiti yana dariya kamar zararre, Auta na karantowa kafin wuri ya bushe, Farfesa ya tuɓe kwat yana bin takardunta layi-layi. Komai ya yi daidai, sai a wata kusurwa ya tsaya.

"Malam, nan ranar Talata ɗaya babu komai. A takardarta ma babu. Me ya faru?"

"Ranar aka haifi wannan," in ji Baba, ya nuna Auta da bokiti. "Ban fito ba."

Farfesa ya goge hannu a wandonsa, ya ce ta miƙo masa biro.