Ranar da Saba ta Nemi Tsakar Gida

Har yau ban manta da wata Litinin ta watan Sha'aban ba, shekarar da zan ajiye aiki in koma renon 'ya'yana. Lokacin ina mataimakiya a ɗakin kwamfuta na wata kwaleji a nan Daura, a mataki na shida. Takardar sakandare ce da ni, sai kwas ɗin wata shida. Shugabana Injiniya Sabi'u, mutumin Baure, yana mataki na goma sha biyu, kuma ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai Maman Walida.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, duk imel ɗin ma'aikata yana zaune ne cikin rumbu guda a babbar kwamfutar da muke kira saba. Ko ka goge wasiƙa, rumbun ba ya raguwa, gurbi kawai take bari. Sai an yi masa abin da ake kira difrag, wato a kwashe wasiƙun a sake jera su a matse. Yayin da ake yi, imel a rufe yake ruf, ba shiga ba fita.

Abin da ya cika mana rumbu kuwa, Barka da Juma'a ne. Duk Juma'a sai kowa ya tura wa kowa hoton masallaci da furanni, ga katin biki, ga na suna. Gaisuwa abu ne mai kyau, ni ma ina turawa. Amma ranar wata Juma'a da hantsi saba ta ce ta ƙoshi, ta tsaya.

Injiniya ya goge tsofaffin hotuna, ya ɗauki kwafin ajiya kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya tayar da difrag ranar Asabar. Aikin awa shida ne. Ya kusa ƙarewa sai ya mutu. Lahadi ma haka, a daidai wurin.

Litinin da safe muka tarar da Malama Binta, mai koyar da lissafi, zaune a bakin ƙofa. Wata jami'a a waje ta ba ta gurbin ƙarin karatu, an ce wasiƙar tana imel ɗinta na aiki, kuma ta nan ɗin za ta amsa kafin ƙarfe huɗu na ranar. Shekara uku tana nema.

“Injiniya, ka gaya mini gaskiya. Zai yi ko in je in yi kukana a gida?”

“Malama, faifan da rumbun yake ciki ne nake zargi. Zan sake gwadawa.”

Gwaji ɗaya ya rage kafin ƙarfe huɗu, ni kuwa na ga wani abu. Ranar Lahadi da ya fita sallar azahar ya bar ni gadi, na lura ƙaramin faifan saba, wanda ba ruwansa da imel, layin da ke nuna cikarsa a allo yana ta cika har ya koma ja. Da aikin ya mutu, sai ya koma shuɗi kamar ba a yi komai ba. Kafin Injiniya ya dawo, shaida ta ɓace. Na yi shiru a ranar, ina ganin wace ce ni.

Na yi bisimilla a zuci na ce, “Yallaɓai, in tambaya mana. In zan gyara ɗakina, sai na fito da kaya tsakar gida tukuna. Ita saba, ina take ajiye nata kayan kafin ta mayar?”

“Maman Walida, yau ba ranar hirar ɗaki ba ce.”

“Ai ƙaramin faifan nan na ga ya yi ja jiya.”

Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. “Ja? Da idonki?”

Ya buɗe rahoton da saba ke rubutawa, ya bi layi-layi da yatsa, sai ya dafe kai yana dariya. Ashe difrag sabon rumbu yake ginawa a gefe kafin ya rushe tsohon, yana bukatar fili da ya ɗan fi rumbun girma. Da ba a nuna masa wuri ba, sai ya riƙa zubawa a ƙaramin faifan, in ya cika ya share ya tsaya.

“Tsakar gidan ce ta yi kaɗan. Ina za mu samu babba?”

Na tuna da sabon faifan ɗakin karatu da aka kawo, yana sito cikin kwalinsa. Fito da shi sai da sa hannun Magatakarda. Ni aka tura, Malama Binta na biye da ni, muna sauri har mayafina na zamewa. Magatakarda ya saurara, ya ce, “Wai su wane ne suke cika mana saba da hotuna haka?” Muka dubi ƙasa, domin nasa ne ke fara shigowa duk Juma'a. Ya gane, ya yi gyaran murya, ya sa hannu.

Tara saura kwata Injiniya ya haɗa faifan, ya nuna wa difrag sabon wurin, ya ce ni zan danna. Na danna. Daga nan ba wanda ya iya zama. Mai janareto ya rantse ba zai matsa ba. Malama Binta tana jan carbi, tana tambayata kowane minti biyar, “Ya yi ja?” Ina cewa, “Shuɗi ne, Malama, shuɗi ne.”

Da ya zo wurin da yake mutuwa, na rufe ido. Injiniya ya ce, “Buɗe, ya wuce.” Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ofishin gwamnati ba.

Uku da kwata imel ya dawo. Wasiƙar farko da ta faɗo akwatin Malama Binta Barka da Juma'a ce ta Magatakarda, wadda ta maƙale tun ranar. Ta jami'ar tana ƙarƙashinta. Ta amsa, ta yi sujada a kan siminti, ta tashi ta rungume ni har gilashinta ya karkace.

Washegari aka fitar da takarda cewa gaisuwar Juma'a ta koma waya. Injiniya kuma ya ƙara layi a littafin ƙa'idojinmu: kafin difrag, a auna fili.

Ku da kuke ɗakin yanzu, in an bar ku gadin na'ura, ku kalle ta da gaske, kuma abin da kuka gani ku faɗa a ranar, ko da a mataki na shida kuke. Shirun da na yi ranar Lahadi ya kusa cinye wa baiwar Allah shekara uku. Yanzu Dakta Binta ce, kuma duk Juma'a sai ta turo mini hoton furanni, a waya.