Likitan da Ba a Son Dubiyarsa

Dawuda Tsado bai taɓa yi wa ko kaza allura ba, amma duk unguwar Limawa Dakta ake ce masa. Mai sayar da tikiti ne a tashar jirgin ƙasa ta Minna, har ranar da wani mai shirya wasan talabijin ya leƙo ta taga, ya ga doguwar fuskar nan kamar ta wanda aka aiko da mugun labari, ya ce ya samu likitansa.

Tun daga nan aikinsa ɗaya ne: ya fito daga ɗaki da farar riga, ya dubi dangin majinyaci, ya ce, "Sai haƙuri." Da zamanin kaset ya zo, masu fim na Kaduna da Kano suka ci gaba da aiko masa. Shekara ashirin da biyu, ko mutum ɗaya bai tashi a hannunsa ba. Ya taɓa roƙon a ba shi wanda zai warke, darakta ya ce 'yan kallo ba za su yarda ba.

Shi dariya abin yake ba shi. Mutanen unguwa kuwa, wasa-wasa, suka daina sanar da shi in wani ya kwanta. Ba wanda ya ce maye ne, an dai ga rigakafi ya fi magani.

A damunar 2009 ciwon hanta ya kwantar da Irimiya, tsohon direban jirgin ƙasa, amininsa na shekara talatin, wanda suke buga dara kowace yamma a unguwar Kpakungu. Dawuda ya hau a-daidaita-sahu ya nufi asibiti da ledar lemo. A bakin ɗakin, Esta matar Irimiya ta tare shi.

"Baba Tsado, ka tsaya nan. Idan ya gan fuskan ka, zuciyan shi zai fadi. Bari ya samu karfi tukuna."

Da ya yi musu, da ta kauce, don tana ganin girmansa. Amma sai wani tunani ya shige shi, wanda bai taɓa zuwar masa ba: in kuma gaskiyarta ce fa? Ya miƙa mata lemon, ya koma gindin dalbejiya ya zauna a benci. Haka ya yi ta yi kwana goma sha ɗaya, yana son ganin mutuminsa, yana tsoron fuskarsa. A rana ta sha biyu Irimiya ya cika, da hantsi.

Bayan an binne shi, Esta ta same shi a ƙofar gida, ta durƙusa tana kuka.

"Kullum yana tambaya, ina Tsado. Ni na ce masa ka tafi Kano yin fim."

Dawuda ya dube ta. "Me ya ce?"

"Ya ce ba komai, aiki ne. Sai ya juya ya kalli bango."

Ya ce ta tashi, ya yafe mata, kuma har zuciyarsa ya yafe. Tsoro ne ya sa ta, shi ma ya san irin tsoron. Bai sake karɓar aikin fim ba har ya rasu a 2014. Waɗanda suka zauna da shi a shekarun nan sun ce bai taɓa kawo sunan Esta ba in ana zancen. Abin da yake maimaitawa ɗaya ne, cikin baƙin ciki: wai ɗakin asibitin nan ko ƙofa ba shi da ita, labule ne kawai.