Faɗan da Kak Maznah Ba Ta Samu Yi Mini Ba

Salamu alaikum ƙawayena, na nan garin Kulim da na nesa. Na san kun ji ni shiru, ni da ko shayi na sha sai na ɗora hotonsa. Ku daure ku karanta har ƙasa, don akwai maganar da aka hana ni faɗa, kuma yau sai ta fito.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba, Allah ya karɓi ran Kak Maznah binti Daud, shugabar layinmu a masana'anta. Ta idar da sallar asuba ta ce wa mijinta Pak Rahim ƙirjinta ya yi nauyi, kafin su isa asibiti rai ya yi halinsa. Ni ina wurin cire takalma na ga saƙon a guruf. Wallahi takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, haka na tsaya har ƙararrawar shiga ta gama bugawa.

Kak Maz, yayarmu, jiya-jiyan nan fa, ranar Litinin, kika tare ni a bakin ɗakin iska, inda ake hure mana ƙura kafin mu shiga aiki, kika ƙare mini kallo, kika kira sunana kika ce, "Shikin, gobe ki same ni da wuri. Akwai faɗan da zan yi miki." Na ce to Kak. Na tafi gida ina murna kamar an ba ni kyauta. Goben ta zo, ke ba ki zo ba.

Waɗanda ba 'yan wurinmu ba za su ce yau ga mahaukaciya, ana murna da faɗa? Bari in gaya muku.

Kamfaninmu da shago biyu ya fara, ana haɗa allon rediyo da na fanka, Kak Maz tana budurwa tana riƙe da ƙarfen dalma. Ya girma ya koma naɗe wa mutanen waje cip ɗinsu, wato 'yar ƙwaƙwalwar nan da ke cikin waya da mota: su ƙera can ƙasarsu, su aiko mana mu yanka, mu rufe, mu zuba a kwali. Kak, kullum cewa kike, "Mun tsufa muna yi wa rigar wasu guga, yaushe za mu ɗinka tamu?" Da aka gina sabon ɓangare aka ce yanzu mu ma za mu ƙera namu tun daga faifai, wanda daga jikinsa ake yanko cip, ke kika zaɓi 'yan matan da za a koya wa aikin ɗakin rawaya. Ni da ban gama sakandare ba kika sa sunana. Na ce Kak, ni fa ba ni da kai. Kika ce, "Kai gare ki, waya ce ta cinye shi. Ke ranar da za a binne ki sai an haƙa wa caja nata ramin."

Ɗakin rawaya nan ake shafa wa faifai sinadari a haska masa zane. Kowa cikin farar riga ruf, da hula da takunkumi da safar hannu, ba a ganin komai sai ido. Ba hoda, ba kwalli, ba turare. Dokar kamfani a fili take: mace mai ciki ba ta aiki a ɗakin, ta faɗa a canza mata wuri. To amma wa zai faɗa? A gidajenmu ba a furta maganar ciki sai ya kai wata huɗu, sai an busa masa rai. Iyaye su ce baki na kama shi. Sai yarinya ta yi gum, ta ci gaba da shiga.

Ke kuwa, Kak, ta ido kawai kike gane mu. Wadda ta fara zama kafin ta sa takalmin aiki, wadda warin safar roba ya sa ta kau da kai, wadda ta bar kofi a kantin abinci ta koma ɗanyen mangwaro da gishiri. Ba kya tambaya. Sai dai ki ƙirƙiro laifi ki sauke mata kwandon faɗa a gaban kowa. Ina nan ranar da kika yi wa Thilaga, wadda duk layin babu mai hannunta.

"Thilaga! Wannan tafiya ce ko rawar biki? Kina tayar mini da ƙura. Fita, sashen kwali, kada in ƙara ganin idonki a nan sai na neme ki."

Thilaga ta ce, "Haba Kak, wace ƙura, ko numfashi ban yi ba."

"Ga shi kuma kina mayar mini da magana. An ƙara miki wata shida."

Thilaga ta fita tana gunaguni, amma idonta dariya yake yi. Mu duka muka sunkuyar da kai. Babu wanda ya ambaci ciki, ba a karya al'ada ba, yarinya kuma ta bar ɗakin. Bayan watanni aka kawo mana shinkafar suna.

To kun ji irin faɗan da aka yi mini alkawari. Kun dai gane.

Tun rasuwarki, Kak, kullum sai na shiga ɗakin rawayan nan. Ina tsaye a ɗakin iska, iska na kaɗa rigata, ina karanta duk addu'ar da na iya. Injiniyoyi sun ce komai a rufe yake, ana zuƙe warin, ni ma ban ce ƙarya suke ba. Amma in babu komai me ya sa aka kafa dokar? Da na ji ɗan wari sai in riƙe numfashi har kaina ya fara juyawa. Da marata ta ɗan murɗa sai in ruga bayi, in cire kayan nan duka in duba. Na shiga intanet neman bayani, wallahi da ban shiga ba. Wannan ya ce ba komai, wancan ya sa hoton da har yanzu yake idona.

Kuma ba haka kawai nake tsoro ba. Wasunku sun tuna bara. Tsinken gwaji na nuna layi biyu na ɗora hotonsa a nan, har da 'yan zuciyoyi. Kuka yi ta barka. Cikin bai kai wata uku ba ya zube. Mak, uwar mijina, ba ta zage ni ba, ita ta yi jinyata ma, sai dai tana shafa mini mai a baya ta ce, "Kin gani ko, 'yar nan? Abin da ba a busa wa rai ba, ba a kai shi kasuwa." Wannan karon ta riƙe hannuna ta ce in yi mata alkawarin ko bango ba zai ji ba. Hafizul mijina ya ce ni dai na sani, shi ma tsoron ne fal idonsa.

Wanda aka ba layinmu yanzu, Injiniya Ooi, mutumin kirki ne, har maƙabarta ya je. Amma shi a wurinsa duk fararen riguna ne. Ya tara mu ya ce cip ɗinmu na farko ya kusa fita, kowane hannu da aka koyar ana bukatarsa, wadda ke da uzuri ta faɗa masa kai tsaye, ƙofarsa a buɗe take. Ƙofa a buɗe, baki a kulle. In yi shiru in ci gaba da shiga, tsoro. In faɗa, tsoro. Da ke ce ke tsayawa a tsakiya, Kak, ki ɗauki baƙin jinin ki bar mu da rufin asiri.

Jiya da la'asar aka yi addu'ar bakwai a gidanki. Tsakar gidan cike da yara, wasu na goye, wasu sun fara gudu. Pak Rahim ya tsaya yana kallonsu ya ce, "Duk waɗannan na wane ne?" Wata ta ce, "'Ya'yan kwali ne, Pak." Muka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ashe ko shi ba ki taɓa gaya masa ba. Ku da Allah bai ba haihuwa ba.

Ana raba shayi na ture nawa. Thilaga, ɗanta a cinya, ta kalle ni ta kalli kofin. Ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Ke 'yar waya, da ina da iko da yanzu na wanke ki tas. Amma ni ba kowa ba ce. Kak ta tafi da faɗanta. Yanzu bakinki ne kawai ya rage miki."

Na kwana da maganar nan.

Mak, ki yafe mini. Na san za a nuna miki wannan kafin in iso gida. Ba raina ki na yi ba. Na bara na faɗa don a yi mini tafi, wannan zan faɗa ne don in fita da shi daga ɗakin rawaya. Abin da Allah ya rubuta masa, baki ba ya gogewa. Ga maganar nan:

Ina da ciki. Wata biyu da ɗan ɗori. Gobe da safe zan shiga ofishin Injiniya Ooi in faɗa masa da bakina. Cip ɗin da kika ƙosa ki gani zai fito ba da hannuna ba, sai dai in sa shi a kwali.

Allah ya jiƙanki, Kak Maznah. Yadda kika rufa mana asiri Allah ya rufa naki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makoma. Pak Rahim, da ƙannenta na garin Baling, da duk 'yan layi, Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Ku kuma ƙawayena, ba barka nake nema ba, addu'a nake roƙo. Duk wadda Kak ta taɓa kora zuwa kwali, ta rubuta a ƙasa wane laifi aka laƙa mata. Ina so in ji, don ni har abada ba zan san wanda ta tanadar mini ba.