Goyon Masakwa

Da safe na shanya iri a tsakar gida, ina cuɗa shi da toka saboda ƙwari. Irin masakwa ne, dawar rani da ake dasawa a laka idan ruwa ya janye. Babanmu ne ya taho da shi daga bakin Tafkin Chadi, lokacin da yaƙi ya koro mu muka sami ƙasa a fadamar Haɗeja. Mutanen ƙauyen sun sha yi mana dariya, wai Barebari na shuka dawa bayan damina ta wuce. Da suka ci tuwonta sai dariyar ta ƙare.

Yagana, matar yayana Modu, tana bakin murhu da jaririnta Bukar a baya. Shi ne ɗan gidanmu na farko da aka binne cibiyarsa a wannan ƙasa. Ta tsokane ni yadda ta saba, wai na fi tattalin iri a kan ɗanta. Na rama. Maganarmu ta ƙarshe ke nan mai daɗi.

Bayan azahar muka ji igwa daga wajen birnin Haɗeja. Mun san Nasara sun iso, amma mun ɗauka rigimar manya ce, ba ta talaka ba. Sai bindiga mai ruwa ta biyo baya, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Kaji suka yi tsit. Kafin la'asar mutanen birni sun fara ratsa gonakinmu a guje, wasu da jini a riga.

Modu yana gona can nesa. Baba ya fito daga bukka ba hula.

"Fanna, iri! Ku yi kogi!"

Na juye irin a 'yar jaka. Hannu ba zai iya ba, kai kuma ba ya riƙe kaya a guje. Sai na aza shi a baya, na ɗaure da majanyin Bukar da ke kan igiya, na ja mayafi na rufe. Yagana ta koma ɗaki ɗauko layar yaron. Na riga ta fita.

Bazara ce, kogi ya ja baya, amma mashigarmu gurbi ne mai zurfi da ba ya ƙafewa. Jirgi ɗaya ne. Mai fito ya riga ya cika shi da mata da yara, ruwa na lasar bakinsa. A bayanmu rufin ƙauye ya kama da wuta, muna jin ƙarar kara yana fashewa. Harbi ya matso.

"Saura mutum ɗaya! Mai goyo! Mai goyo ta shigo!"

Ni ce a gaba. Mai fito ya dubi bayana, ya kama hannuna ya ja. Na ji abin da ya ce sarai. Na san abin da ya gani. Na waiwaya, ga Yagana ta iso, mutum biyu ne tsakaninmu, tana haki, ƙafafun Bukar na lilo a kwiɓinta. Kalma ɗaya ta isa. Tsoro ya riƙe mini baki, na zauna.

"Ku jira, zan dawo!" in ji mai fito ga waɗanda suka rage.

Yagana ba ta kira ni ba. Majanyin ta kalla.

Muna tsakiyar ruwa aka fara harbi a gaɓar. Mutane suka watse cikin kaba, wasu suka faɗa kogi. Wata tsohuwa a gefena ta danna kaina ƙasa, ta rufe jakar da jikinta, tana cewa in kare yaro. Da muka taka ƙasa mai fito ya so komawa, aka riƙe shi. Ya koma da magariba. Takalma ya tarar da ƙwarya.

Muka bi fadama a ƙafa har garin Guri. A hanya mata suka yi ta ba ni ruwa da fura wai ni mai shayarwa ce. Na sha. Baba da Modu suka same ni a can bayan kwanaki. Baba ya kwance jakar, ya zuba irin a tafinsa, ya sa mini albarka. Modu ya ɗauki majanyin ya ninke, ya sa a aljihu. Har ya koma ga Allah bai tambaye ni komai ba, kuma bai ƙara cin tuwon masakwa ba.

Irin ya kama a Guri. Yau idan jikokina suna ba da tarihin gidanmu, sukan ce Baba ya kawo shi daga Chadi, Kaka Fanna ta goya shi ta haye kogi. Suna faɗa da alfahari, ni kuma kunya ke kama ni har ƙashi.

Mu biyar ne a gidan da safen nan. Uku muka ga kaka. Duk shekara nakan cuɗa irin da toka da hannuna, kuma na san nauyinsa. Bukar bai kai shi nauyi ba.