Batirin da Na Tsayar a Kan Sittin

Ko shekara nawa Allah ya ƙara mini a duniya, wata Talata ta tsakiyar damina ba za ta fita daga raina ba. Ban taɓa zama na ba da labarinta daga farko har ƙarshe ba sai yau, don babu inda na fito da kyau a cikinsa.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a kasuwar Gadarif. Duk wanda ya san zafin garinmu ya san abin da yake yi wa laftof: fanka ta yi ta ihu, jiki ya yi zafi har cinya ta kasa ɗauka, batir ya kumbura kafin shekara. Ni kuwa ina da wata manhaja da nake taƙama da ita. Tana rage wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙarfi don kada ta yi zafi, tana kuma tsayar da caji a kan kashi sittin, saboda batirin da ba a cika shi taf ya fi daɗewa. In na gama saitin sai na kulle shi da kalmar sirri, don mutanenmu akwai taɓe-taɓe. Yau ka gyara, gobe a dawo maka da ita a ce ita ta canza kanta. A lokacin ina ganin babu mai wayona a duk layinmu, kuma ba na ɓoye wannan ra'ayin.

Yayata ungozoma ce mai takarda, tana aiki a wani ɗan ɗakin shan magani a ƙauyen da gonarmu take, can gaba da Mafaza. Tana da laftof da ake jona wa na'urar hoton ciki, ita ce idonta a kan duk mai juna biyu a ƙauyukan yankin. Da laftof ɗin ta fara kashe kanta saboda zafi, Yaya ta kawo mini. Na share ƙura, na sa manhajata, na kulle, na miƙa mata ina hura hanci.

Da damina ta kankama na je duba riɗinmu, ruwa ya ritsa ni a can. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa babu motar da ke motsi, ko takalmi sai ka bar mata. Kwana uku ba mu ga rana ba. Wutar ɗakin maganin kuwa ɗan faifan sola ne guda ɗaya, batirin ajiyarsa ya mutu tuntuni, in babu rana babu caji.

Ranar Talata da hantsi gari ya washe. Yaya ta jona laftof, ta kira ni ina shan shayi.

"Auta, zo ka ga jihaz ɗin nan naka, wannan laftof. Ya kai sittin ya tsaya, ga rana tana ta tafiya a banza. Cire mini wannan abin ya cika."

"Yaya, in na cire, battariyar ba za ta kai baɗi ba. Kin san wahalar samun irinta yanzu?"

"Ni ba baɗi nake magana ba. Yau ranar awo ce, mata za su zo."

"Sittin ta ishe ki. Ki bar wa masu sana'a sana'arsu."

Na faɗi haka ina dariya. Ta harare ni ta ce tun ina yaro bakina ya fi ni girma, ta koma kan aikinta. Na ɗauki sandata na nufi gona. Awa biyu cur rana ta ƙara yi tana dukan faifan nan, laftof na jone, ba ta ƙara ko ɗigo ba. Kafin azahar hadari ya sake rufe sama.

Na dawo bayan azahar na tarar da keken jaki a ƙofar ɗakin, zanen da aka shimfiɗa a kai ya jiƙe da jini. Wata mata ce mai cikin wata takwas aka kawo daga ƙauyen da ke gaba. Ba ta naƙuda, ba ta kuka, jini kawai ke zuba. Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa, uwarsa, wata dattijuwa, tana ciki. Yaya ta leƙo, fuskarta ta canza.

"Shigo. Matan awo sun cinye cajin, saura kashi tara a cikin jihaz. Yi duk abin da za ka yi ya ba ni minti goma."

Daga baya na fahimci abin da take tsoro. Tana zargin mabiyiya ce ta sauko ta tare hanyar haihuwa. In haka ne, babu abin da hannu zai iya, sai fiɗa a asibiti. Zuwa asibitin Mafaza kuwa a wannan laka sai a bayan tarakta, tafiyar awanni ana jijjiga mai ciki. Mutanen ƙauyukan nan ba sa yarda da wannan tafiya da baki kawai. Sun saba Yaya ta juya musu allon ta nuna da yatsa, ga kai, ga abin da ya tare hanya. In sun gani sukan tashi nan take. In ba su gani ba, sai a ce a jira tukuna.

Na durƙusa gaban laftof. Na rage haske har da ƙyar ake gani, na kashe duk abin da ke gudana, na danne ƙarfin ƙwaƙwalwar zuwa ƙasa. Amma na'urar hoton tana jan wuta sosai, kuma da na rage ƙarfin sai hoton ya riƙa tsayawa yana tsalle. Yaya ta ce ba ta ganin komai, in mayar. Na mayar. Ta ɗora na'urar a ƙasan cikin, ta ce ga kan yaro, ta fara gangarowa a hankali, sai allon ya yi baƙi. Na danna, na sake dannawa. Na ɗaga kai na dubi taga kamar rana za ta ji tausayina.

Yaya ba ta ko kalle ni ba. Ta juya ga dattijuwar.

"Hajja, a nemo tarakta yanzu. Sai mustashfa, sai asibiti."

"'Yata, me kika gani?"

"Ban ƙarasa gani ba, amma na san wannan jinin."

"To ba ki gani ba ke nan. Ni na haifi tara, na zubar da jini a uku, ga ni zaune. A ɗora ta a tarakta cikin wannan laka, ai hanyar ce za ta kashe ta. Khalas, shi ke nan, mu ga abin da Allah zai yi zuwa la'asar."

Ban ga laifin tsohuwar ba, har yau ban gani ba. Tsoro take ji kamar kowa, kuma hanyar ta sha cin mutane. Mijin ya rasa bayan wa zai bi. Jinin ya ɗan lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi, ban da Yaya da ta yi ta roƙo har muryarta ta dushe. Bayan la'asar jinin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. A lokacin ne aka ruga neman mai tarakta.

Na bi su a tirelar tarakta, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa sama da kaina. Sau biyu muna kafewa muna sauka turi. Ba mu kai rabin hanyar Mafaza ba, rana na shirin faɗuwa, Yaya ta saki hannun matar, ta ja mayafi ta rufe mata fuska. Mijin ya buga wa direba ƙarfe ya ce ya tsaya. Muka juya da su biyun, ita da abin da ke cikinta.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Na san kuma ko an tashi da azahar, babu tabbacin za ta kai. Na faɗa wa kaina wannan ya fi sau dubu, kuma bai taɓa sauke mini nauyin ba, don na san awanni biyun da aka ɓata ana gardama daga ina suka fito.

Washegari bayan jana'iza rana ta fito fes. Yaya ta ɗauko laftof ta jona, ta ajiye a gabana. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Auta, cire shi." Na sa kalmar sirri, na danna wuri ɗaya. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Har yanzu ina sa wa mutane manhajar, don tana da amfani. Amma ba na taɓa saiti sai na tambayi mai kaya aikin da yake yi da shi da inda yake samun wuta, kuma ban ƙara kulle wa kowa kayansa ba. Abin da na koya shi ne, mai aiki da kaya ya fi mai gyaransa sanin ranar da zai buƙace shi, in ya ce ka buɗe, ka buɗe. Na koye shi ne a kan ran matar da ko sunanta ban sani ba sai a wurin sallarta.